Yaya Bukar, Sun Sayar da Samarin Badala

Yakasai,
Cikin birnin Kano.

Zuwa ga Yayana Bukar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga yayansa, ina kuma roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya yalwata maka makwancinka.

Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, kuma babu wanda zai karanta maka ita. Ko lokacin da kake raye ba ka da haƙurin doguwar takarda. Kakan miƙo mini ita ka ce in faɗa maka abin da ake so, in bar gaishe-gaishen. Duk da haka sai na rubuta, domin akwai amsar da zan ba mutanenka ranar Juma'a, kuma ban ga dacewar su ji ta kafin kai ba. Kai ka tara su, da sunanka kuma suka zo mini.

Bari in fara da abin da ake so, kamar yadda ka saba nema. An sayar da Samarin Badala. Alhaji Sammani, mai ƙungiyar, ya sayar da gurbinta na babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ga wani attajiri a wani gari mai nisa, can gaba da garin da ka je ba ka dawo ba. Za a sake mata suna, za a cire shuɗi da farin da kuka yi shekaru kuna rinawa a marina, a sa wani launi. 'Yan wasan da suka amince sun riga sun kwashe kayansu. Dalilin da aka karanta a rediyo kuwa, Yaya, shi ne wai ƙungiyar ba ta da magoya baya, wai Kano ba kasuwar ƙwallon gida ba ce. Na maimaita maka kalmomin yadda suke, ban ƙara ko harafi ba.

Shekaranjiya Malam Ɗan'azumi mai robobi, mataimakinka, wanda shugabancin magoya baya ya koma hannunsa bayanka, ya zo da dattawan ƙungiyar suka cika mana zaure. Sun ce ko an sake suna, yaran nasu ne, don haka za su ɗauki mota su bi su wasan farko a sabon garin. Abu biyu suke nema. Suna so tafiyar ta tashi daga ƙofar gidanmu da addu'ar Inna, suna kuma so a ba su gangarka. Ka san ba ƙaramin abu suka roƙa ba. Tun da ka kafa wannan al'ada ba a taɓa yin tafiya ba sai an taru a zaurenmu, mota tana jira a bakin titi saboda ƙuncin lungu, Inna ta tsaya bayan ƙyaure ta yi addu'a, a shafa, sannan ka fito da ganga a kafaɗa. A wurin dattawan nan, tafiyar da ba ta tashi haka ba, ba su san sunanta ba. Inna ta aiko daga cikin gida cewa yanzu ni ne babba, abin da na yanke shi ke nan. Na roƙe su su ba ni zuwa bayan sallar Juma'a. Ka san ni, ba na iya amsa magana a inda aka yi mini ita.

Kafin in kai ga amsar, ga labarin gida. Inna tana nan, sai dai ƙafa ta matsa mata, ko suna ba ta fita. Idan maƙwabta suka kunna sharhin ƙwallo a rediyo takan tashi ta koma ƙuryar ɗaki, amma ba ta taɓa aikawa a rage ba. Falmata ta ƙi barin gidan bayan ta fita takaba, ta ce ba za ta raba 'yan matanka da kakarsu ba. Tana ɗinkin hula, kuma hannunta ya karɓu. Rumfarka ta gwanjo a Ƙofar Wambai tana hannun ɗan'uwanta, yana riƙe da amana, ko da yake baƙin da ke zuwa sari daga nesa sun ja baya saboda tsoro. Gari yana nan yadda ka bar shi, ko ma in ce ya ƙara tsukewa. Shingen bincike a kowace ƙofa, buhunan yashi a gaban kowane ofis, an hana acaɓa, mutum ba ya ajiye leda a bakin masallaci ba a bi shi da ido ba. Mu da kakannin kakanninmu suka baro Borno, muka binne iyaye da kakanni a ƙasar nan, yanzu sai a ji sunan gidanmu a shinge a sake duban fuskar mutum. Muna kwana muna tashi, alhamdulillahi.

Yanzu bari in gaya maka yadda aka yi birnin Kano ya zama wai ba kasuwa ba. Farkon labarin ka san shi, domin a cikinsa ka rasu. Lokacin da tashin bama-bamai ya yi yawa, ƙungiyoyin baƙi suka ce ba za su taka Kano ba, masu gudanar da gasa suka mayar da wasanninmu na gida wani gari, Alhaji ya sa hannu bai ce uffan ba. Kai ka ce wasan gida ba ya zama na gida sai da mutanen gida, ka shiga bin rumfuna kana haɗa mota. A dawowa daga irin wannan wasan ne direbanku ya yi ta gudu don ya shigo gari kafin dokar hana fita ta rufe hanya, taya ta fashe. Ba zan sake bi ta kan wannan ba. Ina so dai ya zauna a rubuce cewa mutanen da yau ake cewa babu su, an yi wa wasunsu sutura a Yakasai da Dukawuya, kuma da tutar ƙungiyar a cikin kayan da aka dawo mana da su.

Bayan rasuwarka an dawo da wasa Kano, amma da sharuɗɗa. Ƙofa ɗaya tak ake buɗewa. Kowa sai an lalube shi daga hula zuwa takalmi. Ba a shiga da ganga, ba a shiga da algaita, ba a shiga da sandar tuta, wai ana iya ɓoye wani abu a ciki. Da an busa usur ɗin farawa sai a kulle ƙofa, ba a sake buɗewa sai an tashi. Ban ce tsoron ba shi da dalili ba. Mu da muka ji ƙarar da kunnenmu ba za mu faɗi haka ba. Amma wanda ya zauna ya tsara wannan, ko dai bai taɓa kallon ƙwallo a cikin birni ba, ko kuwa ya sani sarai ya kawar da kai.

Kai ka fi kowa sanin yadda muke zuwa fili. Ana take wasa ne daidai lokacin da masallatan kasuwa ke idar da la'asar. Ɗan Wambai ba zai rufe rumfa kafin la'asar ba, kuma ba zai bar jam'i saboda ƙwallo ba. Sai ya sallame, ya ja ƙyaure, ya sa kwaɗo, sannan ya kamo hanya. Saboda haka idan aka take, ɓangaren rana, inda 'yan kasuwa ke zama ba rumfa, kusan fayau yake, sai kai da 'yan gangarka da kukan yi taku sallar a gaban ƙofar fili ku shige. Kafin a je hutun rabin lokaci an cika. Bayan hutu kuma a buɗe ƙofofi kyauta, masu dako da masu tura baro da 'yan garuwa su kwararo har kan katanga. Ƙungiyoyin baƙi sun san wannan, shi ya sa suke neman su ci mu da wuri, domin sun san abin da ke jiransu a zagaye na biyu. Da doka ɗaya aka yanke duk wannan. Mutum ya idar da salla, ya taho da sauri, ya tarar da layi har bakin titi, yana tsaye aka kulle ƙofa a kan idonsa da tikitinsa a hannu. Ya jure, ya dawo wani makon, aka sake yi masa haka. Me ake so ya yi? Ya koma gidan kallo na unguwa, inda mai gidan ya san lokacin salla, ya kuma san sunansa.

A nan zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ka tafi kana tsammanin ban taɓa zuwa fili ba. Kakan tsokane ni a gaban abokanka ka ce ƙanenka ɗan boko ne, in aka ba shi ƙwallo sai ya nemi ta inda ake buɗe ta ya karanta. In yi murmushi in wuce. Ina zuwa, Yaya. Nakan bari sai an buɗe ƙofa bayan hutu, in shiga cikin masu dako, in tsaya can ɗaya gefen inda ba za ka hango ni ba. Wasan bai dame ni ba, har yau ban gama fahimtar satar gida ba. Kai nake kallo. Yadda kakan juya wa fili baya ka fuskanci jama'a, ka ɗaga hannu ɗaya kowa ya yi tsit, ka sauke shi su ɗauki waƙa gaba ɗaya, har ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina roƙon su saurare ni, na san girman abin da nake gani. Me ya hana ni faɗa maka? Ban sani ba. Mun raba aiki tun muna yara, kai da magana, ni da shiru, kuma ban taɓa zaton za a wayi gari maganar ta faɗo kaina ba.

Da kujeru suka fara kwana babu kowa, Alhaji ya ɗauko wani ƙwararre daga babban birnin tarayya ya auna masa kasuwar ƙungiyar. Da ya gama aka kira taro a ofishin Alhaji, aka gayyace ni, wai a matsayina na malamin tattalin arziki a jami'a kuma ɗan'uwan marigayi. Daga baya na gane so ake a ce har ƙanen Bukar yana zaune aka yi. Mutumin matashi ne mai ladabi, ya kuma san abin da aka koya masa. Ya haska hotuna a bango. Kowane hoto an ɗauke shi ne a daidai lokacin da ake take wasa, domin a cewarsa haka ƙa'idar take ko'ina a duniya, kuma wannan hoton kamfanonin talla ke nema kafin su ɗora sunansu a ƙirjin riga. Kujeru fayau, hoto bayan hoto. Ya ce mutanen Kano suna son ƙwallo, amma ta Turai, ya nuna mana gidajen kallo a cike. Ya ce ba a sayen rigar ƙungiya, telolin Wambai suna ɗinka ta bogi suna karya kasuwar ta gaske. Ya ce garin da ake tunanin komawa bai kai mu jama'a ba, amma jama'arsa masu albashi ne, suna sayen tikiti tun kafin ranar wasa, suna zama kafin a fara.

Telolin Wambai, Yaya! Ba su ne suka ɗinka rigunan da yaran suka shigo babbar gasa da su ba, lokacin da Alhaji bai ma san ana wata ƙungiya mai wannan suna ba? Wa ke ciyar da 'yan wasan da aka ɗauko daga ƙauye duk sanda albashi ya makara, in ba mai shayin bakin kasuwa da matan Yakasai masu tuwon sayarwa ba? Da ƙafar golanmu ta karye, wa ya ɗora ta? Ba maɗorin Dukawuya ba ne, da ya rantse ko goro ba zai karɓa ba? A gaban idona aka kira waɗannan mutane masu karya kasuwa, Alhaji yana gyaɗa kai.

Sai dai ba zan yi maka ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai: akwai gaskiya a maganar mutumin. Ba a biyan ɗan wasa da ihu. Ƙungiyar da yawancin masu kallonta ke shiga kyauta tana tsaye ne a kan aljihun mutum ɗaya, ranar da ya gaji kuwa ta faɗi. Irin wannan nake koyarwa a aji. Da an zo an ce mana ga halin da ake ciki, ku mutanen birni me za ku iya ɗauka, da mun zauna da dattawan kasuwa mun nemi hanya, kuma da an samu. A ja lokacin wasa baya kaɗan. A buɗe ƙofofi a ƙara masu bincike. A ba telolin izini su ɗinka da sunan ƙungiya. Garin da ya shekara ɗaruruwa yana ciyar da fatake ba zai kasa riƙe ƙungiyar ƙwallo ɗaya ba. Amma ba a tambaye mu ba. An kulle mu a waje, aka ɗauki hoton kujerunmu, aka ce ba mu zo ba.

Na yi magana a taron. Ka yi mamaki? Ni ma na yi. Na tambayi ƙwararren ko ya san lokacin da ake la'asar a Kano, ko kuma ya taɓa juya kyamararsa ta kalli bayan ƙofa. Bai sani ba, ya dubi Alhaji. Alhaji kuwa, wanda shi kansa ba ya hawa mazauninsa sai ya idar da salla, ya yi dariya ya ce Malam Mustafa ya tuna ba wa'azi aka zo ba. Sannan ya gyara babbar riga ya ce shi mutum ne mai adalci: saura wasa ɗaya a gida kafin a rufe kakar bana, idan aka take shi fili yana cike da masu tikiti, zai sake tunani.

Na kai wa Ɗan'azumi saƙon, na bayyana masa cewa hoton farko kaɗai ake dubawa. Ya dafe kai ya ce ashe duk shekarun nan su suna can suna fasa maƙogwaro, ana nan ana ɗaukar hoton kujera. Ya ce to, in hoto suke so, za su ga hoto. Ban taɓa ganin Wambai ta motsa haka ba. Dattawan kasuwa suka yarda a rufe rumfuna tun bayan azahar, abin da ba a yi sai an yi rashin babban mutum. Masu hali suka saya wa masu dako tikiti. Marina suka rina sababbin ƙyallaye, ba sanda, a rataya a wuya. Da aka zo batun salla suka tuna yadda kai da 'yan gangarka kuke yi: za a taru a filin gaban ƙofa, a yi la'asar a farkon lokacinta cikin jam'i ɗaya, a shiga. Ɗan'azumi ya je da ƙafarsa ya shaida wa sakataren ƙungiya wannan shiri. Sakatare ya ce babu damuwa, zai sanar da masu tsaro, kuma da an sallame za a buɗe dukkan ƙofofi.

Ranar na zo da wuri, da tikitina a aljihu, na farko da na taɓa saya. Da ka gani, Yaya. Daga ƙofar fili har kwalta shuɗi ne ko'ina. Tsofaffin da suka daina zuwa tun kana yaro, mahauta, maƙera, dukawa, 'yan gwanjon layinku gaba ɗayansu. Babu ganga, babu waƙa, domin an ja kunnen kowa kada a ba da dalili. Aka kira salla, aka tuɓe takalma, mai darduma ya shimfiɗa, mai kwali ya shimfiɗa, aka daidaita sahu aka tayar.

Ba a sanar da masu tsaro ba. Ko sakataren mantawa ya yi, ko cewa aka yi ya manta, ban sani ba, kuma ba zan rubuta abin da ban sani ba. Abin da suka gani shi ne taron jama'a da ba su da labarinsa, ya jeru a gaban ƙofarsu, a garin da kowa ke kwana da tsoro. Muna cikin salla na ji an ja ƙofar ƙarfe an kulle. Kafin mu kai tahiya aka harbo barkonon tsohuwa. Ka san abin da ƙara take yi wa mutanen garin nan yanzu. Babu mai tsayawa ya tambayi ta mece ce. Sahu ya watse, aka tattake tsofaffi, Ɗan'azumi ya faɗi aka bi ta kan hannunsa, har yanzu a ɗaure yake. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba. Ni na tsinci kaina a wani lungu, ba hula, ba tabarau, ba takalmi, ina tari kamar raina zai fita.

Kuma aka yi wasan. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Hayaƙi bai gama washewa ba aka busa usur, aka ɗauki hoto a kan ƙa'ida. An ce ma mu muka ci. Babu wanda ya ji ihu a unguwa.

Washegari na koma neman tabarauna. Ba a share wurin ba. Takalma ne, Yaya, tun daga ƙofa har bakin titi: silifa, da na roba irin na masu dako, da na fata na 'yan kasuwa, wasu a jere bibbiyu yadda masu su suka ajiye su a gefen sahu, wasu a warwatse cikin kwata. Mutane sun ji tsoron dawowa ɗauka. Na daɗe a tsaye ina so ƙwararren nan ya biyo ta wurin, ya gaya mini wane suna littattafansa suka ba wannan. Babu wanda ya ɗauki hotonsu. Ni ma ban ɗauka ba.

Ba a daɗe ba aka karanta sanarwar. Sannan sabon mai ƙungiyar ya hau rediyo yana alfahari, ya faɗa da bakinsa cewa shi da ɗan'uwansa Alhaji Sammani sun daidaita cinikin tun tsakiyar kakar wasa. Tun kafin taron ofis ke nan. Tun kafin a rufe Wambai da rana tsaka, tun kafin a karya hannun dattijo a kan darduma. Da Alhaji yake gyara riga yana cewa zai sake tunani, babu abin da ya rage a hannunsa da zai yi tunani a kai. Me muka yi masa? Da ya ce mana ya gaji, wa zai hana shi sayar da abinsa? Me ya sa sai da ya ɗora mana laifin, ya bar garin nan da sunan garin da ba ya son nasa?

Abin bai tsaya nan ba. An aiko mini da katin gayyata mai ruwan zinare daga sabon mai ƙungiyar. Wai kafin wasan farko a sabon garin za a yi ɗan shiru don tunawa da Bukar, gwarzon magoya baya. Wannan ne ya ƙara tunzura dattawanka. Sun ce ba za a ambaci sunanka a fili babu mutanenka a wurin ba. Ka ga yadda aka iya mu? Ƙungiyar da aka ce ba ta da magoya baya tana buƙatar shahararren mai goyon baya da ya mutu, da mota guda ta masu shuɗi da ganga, domin hoton ranar buɗewa ya yi kyau.

Ina fushi da Alhaji, ina fushi da sakatarensa, ina fushi da duk wanda ya ga wannan ya yi shiru. Amma tun da na ce zan faɗi komai, ina fushi da kai ma. Kai ka koya wa mutanen nan cewa so shi ne a bi, duk inda aka kai wasa, duk abin da aka yi musu. Ranar da aka ɗauke mana wasan gida, da ka ɗaga hannun nan naka ka ce ba mai zuwa, da ka zaunar da Wambai a ƙofar Alhaji, wataƙila da ya san akwai abin da zai rasa. Sai ka haɗa mota. Ka nuna masa cewa ana iya ɗauke abinmu mu biyo shi da kuɗin motarmu muna waƙa. Wace ƙwallo ce ta kai Inna ta riƙa gudun rediyo? Wane kofi ne ya kai 'yan matanka su tashi suna sanin ubansu a bakin 'yan kasuwa? Da direban yake gudu, ka tuna da mu? Ina ma tsoron kai ne ka ce ya taka, don kada 'ya'yan mutane su kwana a bakin shinge, domin haka halinka yake. Na san ajali ne, na yi imani da haka. Imanin bai ɗauke mini fushin ba, ina kuma neman gafarar Allah a kansa.

To ga amsar da zan bayar ranar Juma'a. Tafiyar ba za ta tashi daga ƙofarmu ba. Inna ba za ta sake tsayawa bayan ƙyaure da ciwon ƙafa tana yi wa mazan mutane addu'ar wannan hanya ba. Ganga ba za ta fita daga ɗakinka ba. Katin zan mayar wa mai shi yadda ya zo. Su yi shirunsu a gaban masu albashin da ba su taɓa jin hannunka a kan fata ba. Wanda ya ga lallai sai ya je, ba ni da igiyar ɗaure kowa, amma ya tashi daga ƙofar gidansu.

Na san abin da wannan ke nufi, ban yanke shi da ido a rufe ba. Dattawan ba za su hau motar da ba ta tashi daga nan ba, in kuwa ba su hau ba, babu mai hawa. Magoya bayan da ba su da ƙungiya, ba su da tafiya, ba su da ganga, za su riƙa haɗuwa a rumfar Ɗan'azumi suna hira, sannan su riƙa raguwa, wata rana a ga babu. Alhaji ya sayar da rabinsa, ni kuma da hannuna zan rufe rabin da ka gina. Zan sha magana a kasuwa, za a ce ɗan bokon ya nuna halinsa. Na ɗauka.

Abin da kawai nake tsoro shi ne lokacin da Ɗan'azumi zai ɗago, da hannunsa a rataye, ya dube ni ya ce da Bukar ne da tuni an hau mota. Gaskiya zai faɗa, ba kuma zan musa masa ba. Zan ce masa, ai Bukar ya hau.

In na yi daidai, Allah Ya sa ya zama sanadin tsawon kwanan wani. In kuskure na yi, akwai ranar da za mu haɗu, ka faɗa mini da bakinka, zan tsaya in saurara kamar yadda na saba. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, kai da waɗanda kuka tafi tare, Ya kyautata namu zuwan. Ka huta, Yaya.

Ƙanenka,
Mustafa.